Turkar rago da tsaba: yadda ake samun nama, ba tulin kitse ba

A kasuwar bisashe ta Tawa ko ta Badagishiri, ido ake sayar wa rago. Dillali ya daki gadon bayansa, ya ɗaga wutsiya, ya ce maka "Alhaji, dubi wannan, ba ka ƙara ganin irinsa yau." Amma wuƙa ba ta jin maganar dillali. Sai an kayar da rago an feɗe, an buɗe ciki, sannan ake ganin abin da ya ci wata uku: ko nama ya tara, ko kitse ne ya naɗe ƙoda da tumbi, ko kuwa ruwa da dusa ne suka buɗe masa ciki kawai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Da na ce tsaba, ina nufin hatsi, wato gero, da dawa da masara, waɗanda aka sussuke aka sheƙe. Dusa 'yar uwarsu ce, amma ba ɗaya suke ba, zan zo kanta. Kuma ko da ina cewa "kai", na san rabin masu turka a garin nan mata ne, a bayan ɗaki suke yi, kuma sau da yawa ragonsu ya fi na maza kyau.

Fara da sanin wanda kake turka dominsa

Kafin ka sayi ko tiya guda, ka tsaida magana: ragon nan na layyar gidanka ne, na sayarwa ne a kasuwar salla, ko mahauta za ka kai wa? Mai balangu yana son tsoka da ɗan kitse a kanta, don kada ta bushe bisa wuta. Mai kilishi ba ya son kitse ko kaɗan, yankewa yake yi ya ajiye gefe, don kitse ba ya bushewa, kuma shi ke fara ɓata kilishi. Mai layya a nan ƙasarmu yana gasa rago sukutum, a tsire shi a kan itace biyu a gicciye, a jera kewayen wuta tun hantsi har dare, kashegari a yanyanka a raba, saura a soya a adana. Ragon da ya cika kitse, rabin kuɗinka ne zai ɗiga cikin toka kana kallo.

Daga nan sai zaɓen ragon. Jikin dabba yana girma daki-daki: ƙashi ne farko, sannan tsoka, kitse ya zo ƙarshe. Saboda haka ɗan rago mai wata 8 zuwa shekara da rabi, wanda ƙashinsa ya miƙe amma bai cika ba, shi ne ke mai da tsaba tsoka. Tsohon rago ya gama gina tsokarsa, duk abin da ka ƙara masa kitse zai zama. Buɗe baki ka duba: haƙoran gaba biyu na manya suna fitowa ne tsakanin shekara guda da shekara da rabi. In na layya ne, ka lissafa ya kasance ya cika shekara ranar salla. Balami da bali-bali da uda masu dogon ƙashi ne, suna daɗewa suna sa tsoka kafin su juya ga kitse. Ara-ara na wajen Abalak ya fi su saurin cika. Rago ramamme mai lafiya, wanda rani ne ya rame shi ba ciwo ba, ya fi riba a kan wanda aka riga aka ciyar, domin idan ya samu abinci yana mai da abin da ya rasa da sauri.

Mako na farko ba na ƙiba ba ne

Ka kawo rago gida, ka ɗaure shi a inuwa, nesa da sauran bisashe na 'yan kwanaki. Harawa da busasshiyar ciyawa da ruwa, shi ke nan. A wannan makon ake ba da maganin tsutsar ciki, a kira malamin dabbobi ya yi rigakafi. Ka tambaye shi musamman ko akwai allurar ciwon nan da ke kashe ƙosasshen rago farat ɗaya. Wata ƙwayar cuta ce da ke zaune a hanji ba ta komai, sai ranar da tsaba ta yi yawa ta wuce tumbi ba ta narke ba, ta samu abinci, ta hayayyafa ta zuba dafi. Wanda ya fi kowa ci a garke shi take ɗauka.

Ka kuma lura da ragon da ya tashi yana yawo a gari. In yana ci ba ya cika, ciki ya yi tauri a gefen hagu, to wataƙila leda ce dunƙule a tumbinsa. Irin wannan ko buhu goma ka zuba masa, asara ce.

Abin da ke faruwa a cikin tumbi

Nan zan ɗan daɗe, don wanda ya gane wannan ba ya bukatar a riƙa yi masa dokoki.

Rago ba shi ke narkar da ciyawa ba. Tumbinsa randa ce cike da ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke cin abin da ya haɗiya, su fitar da wasu ruwaye masu tsami, jikinsa ya tsotse ya rayu da su. Masu cin ciyawa daban, masu cin garin tsaba daban. Idan ciyawa ce ta fi yawa, aikin yana tafiya a hankali, rago ya kwanta yana tuƙa, yawunsa yana gangarawa tumbi. Yawun nan yana da sinadari irin na kanwa, shi ke kashe tsami. Idan tsaba ce ta fi yawa, aikin yana sauri, tumbi ya fitar da wani nau'in tsami da hanta ke mayarwa sukari. Sukarin nan ne sirrin duk abin da ake yabon tsaba a kai: saurin girma, cikar cinya, kitse a bayan fata, da ɗan maiƙon da ke ratsa tsoka ya sa nama laushi.

Matsalar ita ce halittun nan masu cin tsaba ba sa yawaita dare ɗaya yadda ya kamata. Ana bukatar mako biyu zuwa uku kafin tumbi ya saba. A ma'aunin tsami da masana ke kira pH, tumbi mai lafiya yana tsakanin 6 da 7. In ya faɗi ƙasa da 5.5 an shiga matsala, ƙasa da 5 kuwa bangon tumbin ne ke ƙonewa.

Na ga wannan da idona, a gidana. Shekarar da na fara turka, aka yi suna a makwabta, aka kawo mana sauran shinkafa da tuwo cike da roba. Yara suka juye wa ragon, ni ma na ga abin kamar samu ne. Da asuba na tarar da shi tsaye, kai a ƙasa, yana cizon haƙora, gefen hagu ya kumbura, in ka girgiza sai ka ji ruwa na motsi kamar a tulu. Zawo mai ruwan toka, mai warin tsami. Ya rayu, amma ƙafafunsa suka yi zafi, ya yi kusan wata yana dogara gwiwa yana ci. Garin neman ƙiba na samo rama. Tuwo, shinkafa, busasshen burodi, duk hukuncinsu guda da tsaba.

Yadda ake hawa, tsani-tsani

Ɗauki rago mai kilo 30. A yini yana cin busasshen abinci wajen kilo 1 zuwa 1.2, wato kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na nauyinsa. Tambayar ita ce nawa ne daga ciki zai zama harawa, nawa haɗi.

Haɗin da nake yi, in an kasa goma: kashi biyar dusa, uku tsaba, biyu tunkuzar angurya ko ta gyaɗa, da ɗan gishiri. In kana da 'ya'yan gawo ko kowar wake, su shiga, su rage maka tsaba. Dalilin tunkuza shi ne tsaba ƙarfi take bayarwa, ba ta da isasshen abin gina tsoka. Masara tana da wajen kashi 8 zuwa 9 cikin 100 na furotin, dawa da hatsi sun ɗara ta kaɗan, alhali ɗan rago mai girma yana son 12 zuwa 14. Tunkuzar gyaɗa ta haura 40. Wanda ya ba rago tsaba zalla ya ba shi kayan tara kitse, ya hana shi kayan gina nama. Sai dai ka shinshina tunkuzar kafin ka saya. Mai fumfuna tana lalata hanta.

Ka ɗauki gwangwanin da za ka riƙa awo da shi, ka kai wa mai sikeli ya auna maka cikinsa sau ɗaya, ka huta da kirdado. Kwana uku na farko giram 100 na haɗi a yini. Bayan kowane kwana uku ka ƙara giram 50 zuwa 100. Zuwa ƙarshen mako na uku ka kai giram 400 zuwa 500. Ni ba na wuce 600 ko 700 ga irin wannan rago, ko da ya haura kilo 40, kuma harawa da ciyawa ba sa kasa kashi 40 cikin 100 na abin da ya ci. A raba haɗin biyu, safe da maraice. Harawa ta riga shiga ciki kafin haɗi, kullum. Rago mai yunwa da ya tarar da tsaba, shaƙa yake yi ba ci ba.

Kowace safiya kafin ka zuba, ka dubi kashinsa. In ƙwaya-ƙwaya ne, ci gaba. In ya fara haɗewa kamar curin fura, tsaya inda kake. In ya yi ruwa, koma baya mataki biyu ka ƙara ciyawa. Da rana tsaka ka leƙa: ragon da ke kwance yana tuƙa lafiya lau yake. Wanda ya bar tuƙa, ya bar haɗi a kwano, ka janye tsaba gaba ɗaya, ka jiƙa 'yar kanwa ka ba shi, in bai sake ba zuwa maraice ka nemi malamin dabbobi.

Kada ka kai tsaba injin niƙa

Wannan shi ne kuskuren da na fi gani, kuma kuɗi ake biya a yi shi. Mutane suna ganin saniya na kasayar da dawa yadda ta haɗiye ta, sai su zaci rago ma haka ne. Rago yana tauna tsaba da kyau, ya dawo da ita ya sake taunawa. In ka niƙa masa ta zama gari, ka hana shi tuƙa, ka rage yawu, garin ya narke cikin tumbi lokaci guda.

Abin bai tsaya ga ciwon ciki ba, har kan nama yake kaiwa. A farkon shekarun 1970, wani masani mai suna Orskov da abokan aikinsa a cibiyar Rowett da ke Abadin, a Sikotland, suka bi diddigin 'yan tumakin da ake ciyarwa da sha'ir, waɗanda kitsen bayansu ke fitowa da laushi, mai maiƙo, ba ya daskarewa yadda ya kamata. Suka gano cewa idan tsamin nan mai zama sukari ya fi ƙarfin hanta, ragowar tana shiga cikin ginin kitse ta canza shi. Da suka ba da sha'ir ɗin ba a niƙa ba, kitsen ya fi tauri. Mahautanmu ba su karanta wannan ba, amma sun san kitsen da ke manne wa wuƙa yana narkewa a hannu, kuma ba sa yabonsa. In masara ce mai tauri, ɓarza ta biyu ko uku ya isa.

Dusa, ƙasari da tsakuwar mafitsara

Dusa ta fi tsaba sauƙi ga tumbi, don garinta kaɗan ne, ɓawo ya fi yawa. Shi ya sa matan da ke turka da dusar surfe da ƙasari ba su cika ganin kumburin ciki ba. Amma tana da nata sharrin. Dusa, musamman ta alkama, cike take da sinadarin fosforas, sinadarin kalsiyam ɗinta kuwa kaɗan. Rago yana son kalsiyam ya ninka fosforas sau biyu. In lissafin ya juye, tsakuwa ke taruwa a mafitsara, ta gangaro ta toshe hanyar fitsari, wadda a jikin rago siririya ce mai lanƙwasa. Sai ka ga yana miƙa, yana shura ciki, yana yunƙuri, ɗigo-ɗigo ko babu. Saura kwana goma salla, rago mafi kyau a unguwa. Fidiyayye ya fi faɗawa wannan.

Maganin yana hannunka tun farko: harawar wake ko ta gyaɗa, don suna da kalsiyam sosai, da gishiri don ya sha ruwa da yawa, da ruwa mai tsabta a gabansa dare da rana. A zafin Afrilu da Mayu na Tawa, lita 5 ko 6 ba ta yi wa babban rago yawa ba. Kanwa kuwa a yi ta da sauƙi. Tana kashe tsamin tumbi, gaskiya ne, amma in ta zama ta kullum da yawa tana taimakon irin wannan tsakuwa. Abincin kaji na buhu kada ya kusanci rago, akwai sinadarin jan ƙarfe a ciki wanda hantar tunkiya ke tarawa har ya kashe ta.

Abin da tsaba ke yi wa naman kansa

Na farko, nauyin gangar nama, wato abin da ya rage a rataye bayan an cire fata da kai da ƙafafu da kayan ciki. Ragon daji tumbinsa babba ne, cike da ciyawa, gangarsa takan tsaya wajen kashi 40 zuwa 44 cikin 100 na nauyinsa da rai. Na turka yakan kai 46 zuwa 50. A rago mai kilo 40, bambancin kilo 17 da kilo 19 ke nan. Amma ka sani wani ɓangare na ƙarin nan kitse ne.

Kitse kuma yana da tsarin zuwansa. Ciki yake fara cikawa, kewayen ƙoda da mayafin da ke lulluɓe tumbi, sannan tsakanin tsoka da tsoka, sannan bayan fata, sai can ƙarshe ya ratsa cikin tsoka. Tumakinmu na Sahel sun fi tara shi a ciki. Wanda ya nace sai ya ga rago ya yi sumul kamar tulu daga waje, to cikin ya daɗe da cika.

Naman tsaba ya fi haske, ja mai sauƙi, kitsensa fari fat. Na ciyawar damina ya fi duhu, don dabbar ta yi tafiya kuma galibi ta fi shekaru, kitsensa da ɗan ratsin rawaya daga ɗanyen ganye. Wajen laushi na tsaba ya yi gaba, saboda ya kai girman yanka yana yaro, ga maiƙo. Wajen ɗanɗano kuwa ba a gama gardama ba. Tsofaffinmu suna cewa naman ragon dajin Azawak ya fi garɗi, kuma ba son zuciya ba ne kawai, ciyawa tana barin ƙanshinta a kitse. Tsaba tana rage wancan ƙanshin daji, amma in ta yi yawa ga ragon da ya manyanta tana ƙara ƙarnin nan na rago da ke cikin kitse.

Akwai abu ɗaya da ya shafe mu fiye da Turawa. Ɗanyen ganye yana da bitamin E, wanda ke hana kitse saurin lalacewa. Ragon da ya yi wata uku a kan tsaba da dusa da busasshen kara ba ya samun isasshe, ga kitsensa mai laushi. Su suna da firji. Mu soyawa muke yi mu zuba a kwalla, mu ci har wata biyu. Irin wannan soyen ne ke fara wari da ɗaci da wuri, uwargida ta ɗora laifin kan mai. Harawar da ta bushe a inuwa tana kore ta fi wadda rana ta ƙone ta yi fari, kuma in kana kusa da lambu, ɗan ɗanyen ganye kowace rana yana taimako. Mai irin omega-3, da likitoci ke yabo saboda zuciya, shi ma a naman ciyawa ya fi yawa.

Sanin ranar tsayawa

Kwana 75 zuwa 100 sun isa. Rago mai kyau a hannu mai kyau yana ƙara giram 100 zuwa 200 a yini, amma ba har abada ba. Tsoka kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ce, kitse kuwa kusan babu ruwa a cikinsa, don haka kilo guda na kitse yana cin abinci ninkin abin da kilon tsoka ke ci. Idan ya juya ga kitse, tiyar da ke ba ka nama jiya yau rabi take bayarwa. Ga shi a 'yan shekarun nan layya tana faɗowa wajen Mayu da Yuni, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada. Ni kam zuba wa rago hatsi a irin wannan lokaci, bayan ya riga ya cika, ba ya kwanta mini a rai. Harawa ma tun kaka ake tara ta bisa rumfa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Hannu ke faɗa maka, ba ido ba. Ɗora tafinka a gadon baya, bayan haƙarƙari na ƙarshe. In ƙashin baya ya soke ka kamar bakin zarto, da saura. In kana jin sa a mulmule, sai ka ɗan danna kafin ka rarrabe ƙasusuwan, gefe da gefe ya cika da tsoka, to ya yi. In ka danna ba ka ji ƙashi ba sam, gindin wutsiya ya yi taushi kamar matashi, ka wuce wuri. Daga nan ka rage tsaba, ka riƙe shi da harawa da dusa.

Kwanakin ƙarshe

Duk allura ko maganin tsutsa yana da kwanakin da ake jira kafin a ci naman, a rubuce suke jikin kwalba, wasu sun kai mako uku ko huɗu. Ka lissafa baya daga ranar yanka.

Tsaba tana cika tsoka da sukarin ajiya. Bayan yanka sukarin nan ke juyawa ya ɗan tsamama naman, a ma'aunin pH daga 7 ya sauko wajen 5.6 cikin kwana guda, abin da ke ba shi launi mai kyau ya kuma sa ya jure. Rago da aka ɗaure bisa mota daga Tawa zuwa Yamai cikin rana, ko yara suka yini suna haɗa shi karo da na makwabta, ya ƙone wannan ajiya. Namansa zai fito baƙi-baƙi, da danƙo, ya yi saurin lalacewa. A bar shi ya huta kwana biyu. Daren yanka a janye haɗi, a bar masa ruwa.

In an feɗe, kada ka tafi gaisuwar salla tukuna, tsaya kan mahauci minti biyar. Dubi ƙoda: in kitse ya rufe ta amma kana hango jikinta ta wani gefe, awonka ya yi daidai, in sai an tona kafin a same ta, baɗi ka rage mako biyu. Dubi hanta ko akwai ƙurji mai farin ruwa, alamar tumbi ya taɓa ƙonewa ke nan, kuma wannan hantar ba ta ci ba ce. A wanke tumbin ka shafa cikinsa: na lafiya kamar tawul yake, tsiro-tsironsa a rarrabe, wanda tsaba ta wahalar kuwa sun yi baƙi sun manne da juna, wani wuri ma sun goge. Sannan ka yanki ɗan kitsen baya ka ajiye a faranti a inuwa, ka dawo bayan awa guda ka taɓa shi da yatsa.